Suna Ɗaya, Rubutu Uku

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar Mai Guga da 'yarta a kan benci na tafi harkar gabana, ku yi haƙuri, ga su nan inda muka bar su. Ke kuma da kika ce in akawun nan ya sake korarsu kin daina karantawa, zauna tukuna.

*

Sha ɗaya saura kwata layi ya iso kansu.

Mai Guga ta miƙe daga bencin da suke kai tun bakwai na safe, ta gyara mayafi, ta riƙe ambulan ɗin takardu da hannu biyu. Yau ce ranar ƙarshe ta rajista a makarantar koyon aikin jinya, yau kuma zuwansu na huɗu. Sau uku tana barin tulin zannuwan gado a gidan wankin da take aiki, sau uku akawun nan yana mayar da su gida.

Cinnaka, 'yarta ta fari, tana biye da ita. Babanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, saboda ƙanƙanta da cizo. Yanzu shekararta goma sha takwas, cizon ya koma na baki. Ita ta zo ta biyu a jarrabawar shiga makarantar, cikin ɗalibai ɗari huɗu da wani abu.

"Mama, don Allah yau ki bar ni in yi magana."

"Ke za ki ɓata mana. Riƙe bakin nan naki."

Akawu bai ɗago ba. Yana sosa kunne da murfin biro.

"Ina kwana, ranka ya daɗe," in ji Mai Guga.

"Ku ne kuma?"

"Mu ne."

"Me ya canza daga ranar Litinin?"

Ta zaro takardun ta jera masa a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, tana lallaɓa gefensu da tafin hannu kamar tana shimfiɗa rigar da za ta goge.

Ya sa yatsa a kan ta farko. "Takardar haihuwa." Ya matsa. "Ta firamare." Ya matsa. "Sakamakon jarrabawa. Suna uku, yara uku. Wacce a ciki kika kawo min?"

Sunan yarinyar ɗaya ne tak. Sunan tsauni ne, irin na mutanensu da suka sauko gari neman aiki, kuma a tsakiyarsa akwai wani sauti da ake fitarwa daga maƙogwaro, wanda baƙaƙen harshen gari ba su da shi. Ma'aikacin asibiti ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Malamin firamare ya rubuta yadda nasa ya ji. Masu jarrabawa kuwa harafi biyu suka yanke, don sunan ya ƙi shiga akwatunan fom.

Mai Guga ta matso kusa da tebur. Shekara ashirin ke nan tana gari, amma in ranta ya tashi harshenta ba ya miƙewa.

"Ranka ya daɗe, yarinya ɗaya ne. Shi ne ya ci jarrabawa."

"Shi ne?" Akawu ya ɗago a karon farko, ya dubi mutanen layi. "Kun ji? Yanzu kuma namiji ne. Sun zama huɗu ke nan!"

Aka kwashe da dariya. Wata mata ta rufe baki da gefen mayafi.

Mai Guga ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta dubi ƙasa.

"Malam." Muryar Cinnaka ce. "Hotona yana kan biyu daga cikinsu. Dube ni, ka dubi hoton."

"Ba hoto nake wa rajista ba."

"To a allon sanarwa na waje, can ƙasa inda ruwa ya jiƙa, an rubuta akwai fom ɗin gyaran suna. Ina yake?"

Akawu ya tsaya da sosa kunne. Ya dube ta sama da ƙasa. Sannan ya sunkuya ya ja aljihun tebur na can ƙasa, ya fito da takarda guda, ya wurga mata.

"Tun ranar farko yana nan?" Cinnaka ta ce.

"Kun tambaya?"

Ta ɗauka tana karantawa. Mai Guga ba ta iya karatu ba, amma ta iya karanta fuskar 'yarta. Ta ga hasken ya zo, ta ga ya tafi.

"Me aka ce?"

Akawu ne ya amsa, har da gyara zama. "An ce sai da shaida. Babban ma'aikaci, mai ofis da hatimi, wanda kuma yake jin yarenku, ya sa hannu cewa sunayen nan uku suna ɗaya ne. Ƙarfe biyu nake rufe littafi. Ku je ku samo babban ma'aikaci ɗan tsauni, ina jiranku."

Mai Guga ta bi mutanensu ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta. Masu gadi. Masu wanki. 'Yan dako. Masu fasa dutse. Mijinta da ke facin tayar keke a bakin titi. Wanda ya fi kowa girma a cikinsu shi ne mai buɗe ƙofar wani otal, shi ma hula kawai aka ba shi.

Ta juya wajen 'yarta. Ba ta san ta ɗaga murya ba, ba ta kuma san da yaren tsauni ta yi ba, sai da maganar ta fita.

"Tattara takardunki mu tafi. Ba don ƙafar irinmu aka share ƙofar nan ba."

"Mama, ta biyu fa na zo," Cinnaka ta amsa da yaren.

"Na sani, 'yata. Tattara."

Ƙofar da ke bayan akawu ta buɗe.

Shugabar makarantar ce. Doguwa, mai tabarau, furfura ta fara leƙowa daga gefen ɗankwali. Duk zuwan da suka yi ba su taɓa ganinta ba, sai dai sunanta a jikin ƙofa.

Akawu ya miƙe zumbur. "Ba komai, ranki ya daɗe. 'Yan tsaunin nan ne, na riga na sallame su."

Ba ta dube shi ba.

"Ku shigo," ta ce. "Ku taho da fom ɗin."

*

Ofishin sanyi gare shi. Fanka na juyawa, fayiloli sun cika kanta har sama, ga wani ƙwarangwal na roba a tsaye a kusurwa. Idon Mai Guga ya faɗa kan labulen taga. Wanda ya goge shi bai iya ba, ya bar masa kari biyu.

Shugaba ta tura ƙofa, ta murɗa makulli. Ta daɗe a tsaye ta ba su baya.

Sai ta kira sunan Cinnaka.

Sunan gaskiya, wanda ta gani a guntule a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. Duka, da sautin maƙogwaron nan a daidai wurinsa, yadda ake kiran yara daga wannan gangare zuwa wancan.

Ambulan ya suɓuce daga hannun Mai Guga.

Shugaba ta juyo, ta ce da yaren tsauni, "Ku zauna. Kun sha ruwa kuwa?"

Ba wanda ya zauna.

"Ke tamu ce?" Mai Guga ta ce.

"Taku ce."

"Jini da nono?"

"Jini da nono."

Cinnaka ta dafe ƙirji, murna ta cika mata fuska. Amma Mai Guga fushi ne ya taso mata. Da yarenta kuwa harshenta ba ya tuntuɓe.

"Shekara nawa kike kan kujerar nan?"

"Tara."

"Tara." Ta girgiza kai. "Bara 'yar mai gadin kasuwa ta zo ƙofar nan da irin takardun nan. Yanzu wanke-wanke take a gidan mutane. Kafin ita 'yan biyun mai fasa dutse sun zo, ɗaya har ta iya yi wa uwarta allura. Kina ciki?"

"Ina ciki."

"Kin ji?"

"Mama!" Cinnaka ta ja mata mayafi.

"Sake ni. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Shugaba ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ba tare da shi ba, sai ta koma wata gajiyayyar mata kawai.

"Na ji."



"Shekarata goma sha uku na sauko," in ji Shugaba. "Ranar farko a makarantar kwana na tambayi wata yarinya inda ake ɗiban ruwa, da yarenmu, don shi kaɗai na sani. Aka rataya min katako a wuya, na yini da shi a tsakar fili. Sati guda ina sanye da shi. Wata malama ta ji tausayina. Ta ce, da wannan sunan ba inda za ki je. Ta goge shi a littafi ta rubuta min wani. Ni kuma na karɓa da hannu biyu, har da godiya."

"Iyayenki fa?"

Ta kawar da kai. "Mijina bai sani ba. 'Ya'yana uku, ba wanda ya sani. Rannan ƙaramin ya dawo daga makaranta yana kwaikwayon maganar 'yan tsauni, kowa na dariya a falo. Ni ma na yi dariyar."

Mai Guga ta ji fushin ya ɗan sauka, amma bai tafi ba.

"To yau me ya fito da ke?"

"Sauran raɗa suke yi a bakin ƙofa, sai in ce wa kaina ban ji sosai ba. Ke da ƙarfi kika faɗa."

Mai Guga ta ja kujera ta zauna.

Shugaba ta zuba musu ruwa a kofi biyu. Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da rabi ta gota.

"Akwai hanya," ta ce, ta rage murya. "Ina da wanda zan kira a ma'aikata. Za a sa sunanta ta bayan gida, ba fom, ba shaida. Ba wanda zai san komai."

Cinnaka ta ajiye kofin ba ta sha ba.

"Ranki ya daɗe, ba alfarma na zo nema ba. Ci na yi."

"Na san kin ci."

"In na shiga ta bayan gida, ranar jarrabawar fita wani akawun zai sake jera takardun nan ya ce mu uku ne. A wannan ranar, wa zan kira?"

Wannan karon Mai Guga ba ta ce mata ta riƙe baki ba.

"Kuma 'yar wani za ta zo baɗi," uwar ta ƙara da kanta. "Ita ma ta bayan gidan? In kin yi tafiya ranar fa?"

Shugaba ta dubi uwar, ta dubi 'yar. Wani guntun murmushi ya zo mata.

"Me ake kiranki a gida?"

"Cinnaka."

"Wanda ya sa miki bai yi ƙarya ba."

Ta mayar da tabarau, ta jawo fom ɗin gabanta, ta cire murfin alƙalami. Ta tsaya, ta goge tafin hannunta a jikin zane, sannan ta fara rubutu. Mai Guga tana kallon bakin alƙalamin yana tafiya, layi bayan layi, ba ta ko ƙifta ido. A layin ƙarshe Shugaba ta daɗe kafin ta rubuta, kuma abin da ta rubuta a wurin ya fi na sauran tsawo.

Ta tashi ta murɗa makulli, ta buɗe ƙofar har bango.

"Akawu! Kawo hatimi da littafin rajista."

Ya shigo da sauri, yana wani sunkuyar da kai. Ya karɓi fom ɗin ya duba. Ya sake dubawa.

"Ranki ya daɗe, kamar an ɗan yi kuskure. Nan an ce mai jin yaren."

"Na karanta."

"Ai ke, ranki ya daɗe..."

Shugaba ta juya wajen Mai Guga. Ƙofa a buɗe, mutanen layi duk sun miƙo wuya. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji, ta ce da yaren tsauni:

"'Yar'uwa, wannan mutumin yana so ya ji ko ina jin yarenmu. Me zan ce masa?"

Mai Guga ta dubi akawu. Bakinsa a sake, hatimi a hannu.

"Ce masa ya rufe baki, ƙuda na yawo," ta amsa.

Dariya ta ƙwace wa Shugaba, irin wadda ke fitowa daga ciki, har da riƙe gefen tebur. Cinnaka ma ta kama. Akawu yana ta raba ido, bai san me aka faɗa ba, amma ya san da shi ake.

"Buga," in ji Shugaba da harshen gari.

Ya buga. Dam!

"Rubuta ta a littafi. Yadda na rubuta a fom, harafi bayan harafi. In bai shiga layi ba, ka sauka na ƙasa."

Ya rubuta.

"Daga yau fom ɗin nan a kan tebur zai zauna, ba a ƙarƙashi ba. Kafin ka tashi kuma ina son sunan duk yarinyar da ka mayar gida saboda suna, tun ranar da na zo makarantar nan."

"Duka, ranki ya daɗe?"

"Kana da wani aikin da ya fi wannan?"

Matar nan da ta rufe baki da mayafi ɗazu ta matsa gefe ta ba su hanya da za su fito.

*

Sauran abin kamar a mafarki ya wuce wa Mai Guga. Aka ɗauki Cinnaka hoto. Aka ba ta lambar ɗaki. A ɗakin ajiya wata tsohuwa mai tef a wuya ta gwada ta, ta yi tsaki, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ma'aikaciyar jinya mai ƙugun tsintsiya ba, sai an rage rigar. Aka miƙo farar riga biyu a leda.

Mai Guga ta zaro ɗaya ta murza yadin tsakanin yatsunta.

"Wannan ba ya son wuta da yawa. Kar ki kuskura ki ba wani ya goge miki. Ni za ki kawo wa."

"Mama, makarantar kwana ce fa."

"Ko a duniyar wata ce. Ki aiko."

Sai da suka sauko matakala, suka kai gindin wata bishiya kusa da ƙofar fita, sannan Mai Guga ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi. Kukan ya zo mata ba sallama. Ta yi shi son ranta. Cinnaka ta durƙusa ta rungume ta, tana dariya tana hawaye.

"Mama, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Ɗazu ma ai sun kalla."

Ta share fuska, ta fyace hanci, ta ja numfashi mai tsawo. Rabon da ƙirjinta ya buɗe haka tun ranar da sakamakon ya fito. Yunwa ma sai yanzu ta ji ta.

La'asar ba ta yi ba suka isa gida. Baban Cinnaka yana bakin titi da tayar keke a cikin kwanon ruwa, yana neman inda ta huje. Ya hango su, ya tsaya. Cinnaka ta ɗaga ledar fararen riguna sama.

Ya saki tayar a ruwa. Mai keken yana kiransa, ko waiwaye bai yi ba.

"Cinnakata ta ciji gwamnati!" yake faɗi har cikin tsakar gida. "Ku fito ku gani!"

Maƙwabta suka fito. Wata mai wanki ta fito da kumfa a hannu. Aka yi ta taɓa rigar, Mai Guga na doke hannun masu datti.

Kaka, mahaifiyar Baban Cinnaka, tana zaune a inuwar bango da kofin ruwa a hannu. Idanunta sun yi rauni, amma kunnenta garau yake.

"Wai wace ce ta tsaya muku?" ta tambaya.

"Shugabar da kanta, Kaka," in ji Cinnaka. "Tamu ce! Wallahi tamu ce, yarenta ya fi nawa kyau."

"To karanta min takardar in ji. Duka. Kar ki tsallake."

Cinnaka ta zaro kwafin da aka ba su, ta tsaya a tsakiyar gida kamar mai karanta labarai, har da gyara murya. Tana karantawa tana fassarawa, ana ta shewa. Ta iso layin ƙarshe.

"Sunan shaida. Kai! Suna biyu ta rubuta. Ga na gari da ke jikin ƙofarta, ga kuma wani a ƙasa, ta ce shi ne na haihuwa."

"Faɗa mana na haihuwar," in ji babanta.

Cinnaka ta faɗa.

Kofin Kaka ya faɗi ƙasa, ya gangara har ƙafar Mai Guga.

Baban Cinnaka ya daina dariya.

"Sake faɗa," in ji Kaka.

Cinnaka ta dubi uwarta, sannan ta maimaita a hankali.

Tsohuwar ta dafa bango tana ƙoƙarin miƙewa, ta kasa. Ta juya fuska wajen ɗanta.

"Ni na raɗa sunan nan," ta ce. "Kai kuma, kai ka hau tsauni da ƙafarka ka ce min yayarka ta mutu."